Shuɗiyar Jaka

Shekara goma sha takwas ina rungume da jakar nan,
shuɗiya, zif ɗinta ya mutu tun yana aji uku.
Jinin ɗana ne a ciki, a rubuce:
takardun awo, ranakun ƙarin jini,
sunayen ƙwayoyin da na haddace kamar addu'a.
Yau a tashar Lapa, nan Salvador,
Jurandir ya miƙo hannu: "Mama, kawo."
Ban ba shi nan take ba,
sai da bas ta wuce danja biyu.

Asibitin yara akwai kifaye a bango,
da kunkuru mai murmushi bisa ƙofar ɗakin allura.
Nan kuwa bango fari fat,
tsofaffi na tari, allo na kiran lamba,
ba wanda ya san in za a huda masa jijiya
sai ya kau da kai yana ƙirga jiragen ruwa a zuci.

Zenaide, nas ɗin da ta raine mu ni da shi,
ita ta soma wannan tun yana sha huɗu.
Na shiga bakina cike da amsa,
ta ɗaga mini yatsa: "Dalva, shi na tambaya."
Raina ya sosu.
Wa ya kwana zaune?
Wa ya dafa ruwa ƙarfe ukun dare
yana gasa gwiwa, sikila na tauna masa ƙashi?
Ta ce, "Ke ce.
Amma in ya tafi karatu Recife,
ba za ki shiga aljihunsa ba."

Daga nan aka riƙa sakin igiya, kamu kamu.
Sunan magani, da nawa, da yaushe.
Wane zazzaɓi ne ba ya jiran wayewar gari.
Yadda za ka ce wa likitan da bai san ka ba
ciwona ya kai takwas cikin goma,
ka dube shi ido cikin ido, kada ya ɗauke ka maƙaryaci.

Ya yi tuntuɓe, kada in ɓoye.
Bara ya bi abokai iyo a Ribeira ana yayyafi,
ya bar ƙwaya kwana biyar a aljihun wando.
Kwana huɗu muka yi a gado.
Magana ta zo mini har maƙoshi, na haɗiye ta da zafinta.
Mai koyon tuƙin kwalekwale
ba ya rasa shan ruwa.

Arba'in da bakwai.
Ya miƙe. Ƙafafuna suka miƙe da kansu.
"Zauna, Mama."
Ƙofa ta rufe a hankali, ko ƙara babu.

Ga hannuwana a cinya, suna ƙanshin manja.
Na bar wa maƙwabciya kaskon ƙosai yau,
ban san hannu yana da nauyi haka ba
in ba ya riƙe da komai.
Minti ashirin da biyu.
Na ƙirga tayil ɗin ƙasa, na ɓata, na sake.

Ya fito yana cusa takarda a jaka, a karkace,
ba yadda nake jerawa ba.
"An ƙara mini awo. Sha biyu ga Mayu zan dawo, na sa a waya.
Na kuma tambaye ta wani abu."
"Me?"
Ya yi dariyar ubansa. "Tsakanina da likita ne."

A bas rana ta kwanta bisa teku.
Na buɗe baki zan ce sha ruwa,
sai na ga gorar tuni tana bakinsa.
Kafin mu kai Liberdade barci ya sace shi,
kansa a kafaɗata kamar da,
jakar a cinyarsa, bakinta a buɗe,
wata takarda ta leƙo.
Na bar ta.